Wankin Kan Sarkin Faransa

A shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, baƙon da bizarsa ta ƙare a Guangzhou ko tari ba ya yi da ƙarfi. Tankari, ɗan kasuwa daga Maraɗi, yana cikinsu. Yana kwance a wani ɗaki a unguwar Xiaobei, ciwon suga ya ci masa ƙafa har ɗakin ya fara wari, zuwa asibiti kuma ya ce ba da shi ba, kada a tambaye shi fasfo. Hanya ɗaya ta rage, a biya tara, a yanki tikiti, a kai shi gida.

Ƙanwarsa Ramatou, mai sarin kayan yara a kasuwar Shahe, ta kwance abin da uwarsu ta ɗinke mata a lalita. Kuɗin zinariya ne guda, kakansu ya zo da shi daga yaƙin Faransa. Ya yi duhu, dauɗa ta cika lungunansa, amma ana ganin kan wani sarki mai dogon gashi da 'yan lambobi.

Wani tsohon Basine mai sayen kayan tarihi a unguwar Liwan ya daɗe yana juya shi ƙarƙashin gilashi. Da guntun Turancinsa ya ce Luwi ake ce masa, sarakunan Faransa suka buga shi tun kafin a yanke wa ɗayansu kai. Farashin da ya danna a kalkuleta ya isa tara da tikiti har da canji. Ya ce ta dawo gobe, zai haɗa kuɗin. Ta kai wa Tankari albishir.

Nan fa wayon Ramatou ya motsa, kuma ban ga laifinta ba. Wace 'yar Maraɗi ce za ta kai gwal kasuwa ba wanki? In da dauɗa ya yi wannan daraja, ina ga ya sha gyara? Ta biya ta shagon masu sarƙa, aka ɗora shi kan injin gogewa. Ta ce a ƙara, aka ƙara. Ya fito yana ɗaukar ido, sumul kamar gindin sabon kwano.

Washegari tsohon ya duba gaba, ya duba baya. Hancin sarki ya tafi, lambobin shekara ma babu.

"Ina mutumin?" ya tambaya.

"Laoban," ta ce, wato maigida da Sinanci, "wanke shi na yi."

Ransa ya ɓaci fiye da nata, don ita ba ta gane ba tukuna. Ya ce sarkin yake saye, zinariya kuwa ko'ina akwai. Ya ɗora shi a sikeli, ya biya ta nauyinsa. Ko tarar bai kai ba.

Ta ce wa Tankari ana kan magana. Ya ce Allah ya sa albarka, ta sayo wa Inna bargo tun da akwai canji.

Ranar Juma'a ya cika. Kuɗin ya isa likkafani da motar da ta kai shi maƙabartar Musulmi ta bayan gari.