Katin Maciji

Hantsi ya dubi ludayi, iska mai zafi tana koro hayaƙin gonakin rake da aka cinna wa wuta bayan sara, har cikin aji. Abla Nagat, malamar ajin, ta tsaya gaban allo da katuna a hannu. Rabin bencunan babu kowa.

Turancin da take koya wa 'yan aji ɗaya ba na haddar sunan harafi ba ne. Kowane harafi da sautinsa, da hotonsa, da motsinsa. Na S maciji ne: yaro ya lanƙwasa hannu ya ce "sss". Yara suka so shi fiye da sauran, suka kai shi gida. A ƙauyen kuwa kowa ya tashi da sanin ba a yin wannan sauti a cikin gida. Wanda ya yi, igiyar ƙasa ya kira.

Jiya da la'asar maciji ya sari Shahad, ɗalibarta, tana zaune a dokin ƙofar gidansu tana bitar karatu. Tana asibitin birni, har yanzu ba ta buɗe ido ba.

Baba Ragab mai gadi ya leƙo ta taga.

"'Yata, da ni ne ke, da yau ciwon kai ya hana ni fitowa."

"Wuta ce ta koro macizan daga rake, Baba. Duk shekara haka ake yi."

"Duk shekara. Amma bana an samu wanda za a nuna da yatsa. Dubi bakin ƙofar makaranta."

Ta duba. Baffannin Shahad ne a tsaye, kowa ya dogara sandarsa. Ta san idan yarinyar ba ta tashi ba, ba aiki kaɗai za ta rasa ba.

Sai ga Hajiya Wahiba, kakar Shahad, ta shigo cikin baƙin mayafi, ko sallama babu.

"Ke ce malamar macizan?"

"Hajiya, ya jikin Shahad?"

"Kar bakinki ya sake kama sunanta. An turo ki ki koyar da yara, kin zo kina koya musu kiran mutuwa. Ina abin yake?"

Nagat ta zaro katin. Koren maciji ne, an zana shi yana murmushi. Ta miƙa. Tsohuwar ta karɓa da gefen mayafi don kada ya taɓa fatarta.

"Wuta zai sha. Ke kuma ki yi ta addu'a."

Ta juya za ta fita, ƙusar jikin ƙofa ta riƙe mata mayafi. Ta ja, ya ƙi. Nagat ta durƙusa ta zare shi a hankali, ko zare bai tsinke ba. Hajiya ba ta waiwayo ba. Ta nufi wajen mazan nan, su kuwa ba wanda ya motsa daga bakin ƙofa.