Ranar da Anselmo Ya Zo Karɓar Ƙwallo

Ranar da aka kashe kyandirorin makokin matata Herminia, Anselmo Peguero ya shigo gidana ya zauna a kujerarta.

Duk garin Consuelo babu mai wannan ƙarfin halin sai shi. Ya buga besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda, a Amurka har gwiwoyinsa suka ƙi, ya dawo ya horar da ƙungiyar lardinmu, ya ci kofuna. Da ya ajiye aiki sai ya gina gidan abinci a bakin gonakin rake, inda tsofaffin masu sara, waɗanda kamfanin sukari ya tsotse ya tofar, suke cin shinkafa da wake kyauta. Mutane na ce masa waliyyi. Ni na san shi tun muna aji ɗaya yana kwafar lissafina, don haka bakina bai taɓa iya faɗin haka ba.

Na riga na yanke shawara: zan kulle ƙofa, in zauna da littattafaina har a zo a ɗauke ni. Shekaru na yi ina jinyar Herminia ni kaɗai, duk wanda ya kawo taimako na kore shi. Yanzu ba ni da sauran aiki a duniya.

"Tashi daga kujerar nan," na ce.

"Malam Fermín, ka koma sandar tsintsiya. Yara su gan ka, da kai za su buga murfin kwalba a madadin ƙwallo."

"Kai kuma buhun sukari. Me ya kawo ka?"

Sai ya miƙe, gwiwoyi na ƙara, ya tako gabana a hankali, ya buɗe tafin hannu. Duk ɗan ƙasar nan ya san wannan takun. Haka koci yake shiga fili idan mai jifa ya gaji, ya tsaya gabansa da hannu a buɗe. Ba a fizge ƙwallo. Mai jifan ne zai miƙa da kansa ya fita, ko da ransa na tafasa.

"Ka yi jifa mai kyau," ya ce. "Naka wasan ya ƙare. Ba ni."

"Ba ni da ƙwallo, jahili."

"Abin da ke hannunka."

Makullin gidan ne. Na zuba masa ido, ya zuba mini. Na san halinsa, zai iya tsayuwa haka har kaji su shiga akurki. Alƙalan wasa sun sha fama da shi. Na saka masa don kawai ya rabu da ni.

Ya jefa a aljihu. "Gobe da hantsi ka zo gidan abincin. Tsofaffina idanu sun tafi, suna son mai karanta musu. Ƙofa kuma sai ka kulle mu gani."

Na je. Na ɗauki littafin tarihi mafi nauyi don in hukunta su. Duk suka yi barci, ban da wani Tiburcio mai haƙori ɗaya, wanda ya ce marubucin maƙaryaci ne, da kakansa aka yi yaƙin da ke cikin littafin. Muka yi ta musu har wake ya huce. Washegari na kawo wani littafin don in kunyata shi. Ya ce wannan ya fi na jiya ƙarya. Tun daga nan ban fasa zuwa ba. Ni nake zaɓar abin karatu, ni nake ƙorafin gishiri, wandona kuma ya daina zamewa.

Anselmo ya rasu bara a kan benci, wurin kallon wasan unguwa, hula a fuska. Mun ɗauka gyangyaɗi yake. Gidan abincin yana nan, 'yarsa ke riƙe da shi, kuma ta fi shi iya lissafi. Har makonsa na ƙarshe, in ya gifta ni sai ya matsa kafaɗata kamar yana duba hannun mai jifansa, ya ce, "Ya hannun, Malam?" In ce, "Matacce." Ina ta ɓoye amsar gaskiya sai ranar da ba zai yi fankama da ita ba.

Hannun ya warke, Anselmo. Ya daɗe da warkewa.