Famfon Kawu a Gaban Kotu

Barista ta yi suna ne tun ranar da ta kayar da kamfanonin kwalba uku da suka haɗa baki suna tsawwala farashi. Daga nan ofishinta ya koma hawa na huɗu, duk wanda aka kwaikwayi tambarinsa ko aka saci fasaharsa wurinta yake nufa.

Kawunta, ƙanen mahaifiyarta, gyaran famfon ruwa yake yi. Shekara shida ya kwashe yana ƙera wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin kofi, wanda yake hana yashi cinye cikin famfo. Ita da kanta ta yi masa rajistarsa. Bai rufa shekara biyu yana sayarwa ba sai ga shi a ofishinta da leda a hannu. Ya zazzage ƙarafa biyu a kan teburinta.

"'Yar nan, duba mini. Ɗaya nawa ne, ɗaya na babban kamfanin famfon nan. Ko idona ne ya tsufa?"

Ta jujjuya su. "Kawu, ba idonka ba ne. Har ɗan karkacewar da ka yi a baki sun kwafa."

Ya tuntsire da dariya. "Ashe ɓarawon nawa bai iya zaɓe ba."

Abin bai tsaya nan ba. Kamfanin ya gargaɗi dillalai cewa duk wanda ya ajiye kayan Kawu a shagonsa ba zai ƙara samun nasu ba. Barista ta shigar da ƙara kan laifi biyu, satar fasaha da danne kasuwa. Kamfanin ya ce ai shi ya riga ƙirƙira. Alƙali ya umarci kowane ɓangare ya dakatar da ƙera ƙarfen har a yanke hukunci. Kamfanin yana da wasu kaya ɗari da zai sayar. Kawu shi ke nan gare shi.

A wata na takwas lauyan kamfanin ya kawo tayin sulhu. Za a buga sunan Kawu a jikin kowane famfo, a ba shi ɗakin aiki a masana'antarsu da ma'aikata a ƙarƙashinsa, shi kuma ya janye ƙara.

Barista ta karanta takardar sau biyu. Ta san tayi ne mai kyau. Ta kuma san babu kotun da ta taɓa yanke hukunci a kan irin wannan batu, kuma lauyan da ya fara samo shi za a daɗe ana ambatonsa.

Ta iske Kawu a shagonsa yana goge wani tsohon famfo, hannunsa duk baƙin mai. Ba ta ɓoye masa komai game da tayin ba, amma ta iya jera magana.

"Suna so ka koma yaronsu ne, Kawu. Su rufe maka baki da ɗaki."

Ya ajiye tsumma. "Ɗakin nan, da injinan yanka ƙarfe na zamani a ciki?"

Ta ga yadda idonsa ya yi haske, ta kawar da kai. "Wanda ya sace maka akuya ne fa yake kiran ka ka taya shi fiɗa. Ka ba ni shekara biyu, za su zo suna roƙo."

Ya ce, "Ke kika yi karatu. Abin da kika hango a zaune, ni ko na hau tsani ba zan gani ba."

Shekara tara aka yi ana shari'a. An ɗage zama ba adadi, an canja alƙali sau biyu, an ɗaukaka ƙara. Mutum huɗun da suke aiki tare da Kawu suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ya koma gyare-gyare, sannan hannunsa na dama ya fara rawa har ba ya iya riƙe sifana. Kafin a kai ƙarshe, kasuwa ta cika da wani sabon famfo na roba wanda yashi ba ya damunsa.

Ta ci shari'ar. Hukuncin shafi arba'in da biyu ne, kuma a makon aka fara kiranta ta yi wa ɗaliban lauya jawabi a kansa.

Ta kai wa Kawu kwafi gida. Yana zaune a kujerar roba a bakin ɗakinsa, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya sa ta karanta masa shafin ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"To yanzu an yarda ni na ƙera?"

"An yarda, Kawu."

"Madalla. Dama ni ma na fara shakka."

Ta yi dariyar dole. A mota ta shirya abin da za ta faɗa masa, cewa shawarar da ta ba shi a shago don kanta ta bayar, ba don shi ba. Ta buɗe baki ke nan matar Kawu ta fito da ruwa, tana tambayar Barista lafiyar yara da maigidanta. Kafin ta gama amsawa Kawu ya ɗora hannunsa mai rawa a kan nata.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Shekara tara kina wahala a kanmu, ko gajiya ba ki nuna ba."

Ta ce amin. Ta ce a ranta wani zuwan za ta faɗa masa.

Ta koma sau uku, kullum da mutane a wurin, ko kuma ita ce take jin daɗin samun mutanen. Ya rasu bayan wata bakwai. Iyalinsa suka ba wani mai faci hayar shagon. Hanyar kotu ta nan ta bi, kuma har yau in ta zo daidai wurin sai direbanta ya ga ta sunkuyar da kai cikin takardu.