Ƙara Sauke Ta, Dogo

Da Torkild ya turo ƙofa ya hango an lulluɓe fuskar Bodil da farin tawul, saura ƙiris kwanon miyar da ke hannunsa ya suɓuce. Ya tsaya turus a bakin falo.

"Ban tafi ba tukuna, Dogo," in ji wata murya daga ƙarƙashin tawul ɗin. "Ajiye miyar nan kafin ka yi min ɓari a ɗaki."

"Haba Bodil! Wannan wane irin wasa ne? Kin kusa sa in riga ki."

"Da na samu ɗan rakiya."

Shekaru aru-aru ƙofofinsu na kallon juna a bene ɗaya a birnin Odense. Matarsa ta rasu, mijinta ya bi, suka rage su biyu suna tsokanar juna kamar taubasai. Jiya asibiti ya sallamo ta. Likita ya ce abin da ya rage sai haƙuri, ita kuwa ta ce in jira ne, a ɗakinta za ta jira. Ma'aikata suka shigo da gado mai ƙarfe, suka ture teburin cin abinci jikin bango, suka cire fitilarta da ke reto a kansa, suka manna wa silin wata farar fitila mai faɗin tire.

Bodil ta ɗan ɗaga tawul, ta nuna saman da yatsa. "Dube ni, don Allah. Kamar kifi a teburin mai kifi. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina naɗa hular fitila, a ce a ƙarƙashin wannan abin zan cika? Ba da ni ba."

Torkild bai yi dariya ba, don ya san da gaske take. Tun da lantarki ya shigo gidajen kakanni ƙwansa yana soke ido, masu zana kayan ɗaki na ƙasar nan suka ɗaura ɗamarar yaƙi da shi. Wasu suka kifa masa faranti a kan faranti, wasu suka yi masa ganyen tagulla, wasu suka ce takarda ta isa. Sharaɗin dai ɗaya ne, kada ido ya ga ƙwai tsirara. Bodil 'yar ɓangaren takarda ce. Tana budurwa ta shiga ma'aikatar da mata ke zama a jere suna lanƙwasa takarda da yatsa, kuma fitilar da aka cire ɗin ita ce ta farko da uwar ɗakinta ta duba ta ce ta yi. Fitilar ta tsufa, takardarta ta koma ruwan zuma. Kuma tun ranar da Torkild ya fara shan kofi a gidan, bai taɓa miƙewa daga teburin nan ba tare da ta buge masa goshi ba.

"Ina suka kai ta?"

"Ɗakin ajiya na ƙasa. Wai nas ta yi karo da ita. Kai da ka yi shekaru kana karo da ita, ka mutu?"

A bakin matakala ya ci karo da Vibeke, nas ɗin da ke zuwa safe da yamma. Ya ce a mayar da fitilar. Ta ce ta riga ta kira mai gyaran wuta na masu gidan, zai zo ranar Litinin.

"Bodil za ta kai Litinin?"

Vibeke ta kau da kai, ta dubi jakarta.

Shi ke nan, magana ta ƙare. Tun da Torkild ya faɗo daga tsani bara ya karya ƙugu, 'yarsa ta sa shi ya yi rantsuwa ba shi ba hawa ko da kujera. Ya tuna rantsuwar sarai. Ya jira nas ta fita sayo magani, ya gangara ƙasa yana dafa bango, ya rungumo fitilar kamar jaririya, sannan ya koma ya jawo tsani yana haki. Tsoro yake ji, tsoro mai yawa. Amma tsoron kada Bodil ta rufe ido a ƙarƙashin tiren nan ya fi.

Ya kashe wutar gidan, ya hau. Sukurun farko ya faɗo ya gangara ƙarƙashin gado.

"Dogo da hankali dace ne," in ji Bodil. "In ka faɗo, ka faɗo can gefe, gadon nan na mutum ɗaya ne."

"Ke dai ki yi shiru ki ji da ciwonki."

Yana cikin murɗa waya Vibeke ta dawo. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dubi tsohon, ta dubi tsohuwar da ta cire tawul tana murmushi. Sai ta ajiye jaka ta riƙe tsanin da hannu biyu.

"Baba, ban gan ka ba, ba ka gan ni ba. Allura kuma da tocila zan yi."

Aka ja tebur kusa da gado, aka rataya fitilar a kansa. Torkild ya naɗe igiyar ta yi sama sosai, yadda nas za ta wuce ba karo.

"Wa za ka haska a can? Gizo-gizo? Sauke ta."

Ya sassauta.

"Ƙara sauke ta, Dogo. Fitilar tebur ce, ba farin wata ba. Zauna a kujerarka in gani. Kana hango ƙwan?"

"A'a."

"Kana ganin fuskata?"

"Abin takaici, ina gani."

"To ta zauna ke nan."

Aka kunna. Duhun hunturu ya riga ya fara sauka tun la'asar, haske ya zubo a kan tebur shiru, ya taɓa gefen matashinta, ya bar lungunan ɗakin su huta. Fuskar Bodil da ɗazu ta yi fari fat ta dawo ta mutane. Ta daɗe tana kallon lanƙwasar takardar, leɓenta na motsi, yatsunta na tafiya a kan bargo kamar tana naɗa wata sabuwa.

"Can gefen hagu akwai inda na karkace," ta ce. "Uwar ɗakina ba ta gani ba. Na ci banza."

Ta sa aka dafa kofi, ko da yake ba ta iya sha. Ƙamshin kawai take so. Torkild ya sha nasa, ya sha nata, ya cinye burodin kirfa da maƙwabta suka aiko, tana kiransa acici. Vibeke ta yi dariya har da hawaye. Rabon Torkild da jin daɗin yamma irin wannan ya manta.

Washegari da yamma, yana zaune a kujerarsa yana ba ta labarin yadda 'yarsa ta yi masa tatas a waya, sai ya lura ba a katse shi ba. Bodil ba ta taɓa barin ya kai ƙarshen labari ba. Ya dube ta. Idonta a lumshe, bakinta da sauran murmushi, hasken na kwance a kumatunta.

Vibeke ta taɓa wuyanta, ta gyaɗa kai a hankali. "Baba, buɗe mata taga, ranta ya samu hanyar fita."

Torkild ya goge ido da bayan hannu, ya miƙe tsaye, ji kake ƙwas a goshinsa.

Dariya ta ƙwace masa cikin kuka. Ya dafe wurin, ya je ya tura tagar, iska mai sanyi ta shigo. A bayansa fitilar na ta reto, haskenta na zuwa kan fuskar Bodil ya koma kan kofunan, ya zo ya koma.