Injin Ka-Fau

A duk duniya babu likitan da ya kai likitan sojan Jamus iya warkarwa. Yakan warkar da mutum arba'in kafin abincin rana, ba allura, ba ƙwaya, da haruffa biyu kawai.

Haruffan su ne k.v., da Jamusanci ana faɗinsu ka-fau. A takarda suna nufin mutum ya isa a tura shi bakin daga. A bakin sojoji kuwa suna nufin "ba shi da kowa a sama", ko a taƙaice "ya je ya mutu".

Ewald Prietzel, mai raba wasiƙa ɗan shekara arba'in da bakwai, ya yi wata uku kwance a wani asibitin soja a yankin Saksoniya na Jamus, da ɓarɓashin bam a ƙugu. Wata Talata a ƙarshen 1944 aka goge daɓen ɗakin sau biyu, aka sake zannuwan gado ba ranarsu ba. Hira ta mutu. Kowa ya gane Injin Ka-Fau yana tafe, wato babban likitan da ke zagaya asibitoci yana cika jiragen ƙasa masu tafiya gabas, bakin dagar Rasha.

Nauke, mai gadon kusa da shi, ya miƙo wuya. "Baba Ewald, Injin nan ba ya duba rauni, ƙafa yake dubawa. Wanda ya tsaya ya tafi. Ka kwanta kamar ranar Lahadi matarka ta ce a je coci."

"Kai fa?"

"Ni hannuna na dama yana Rasha, ya wakilce ni. Sai in sun ƙera bindigar da ake harbawa da hanci."

Ewald ya ja bargo har haɓa. Kwanciya ai ba aiki ba ce, haka ya gaya wa kansa.

Wajen sha ɗaya aka ji takun manyan takalma a baranda, ba gaggawa, suna tsayawa ƙofa ƙofa. Ƙofarsu ta buɗe. Sajen ɗakin ya daka tsawar da ake yi in hafsa ya shigo.

Ewald bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Yaƙi biyu, da shekara ashirin yana miƙewa duk sanda shugaban gidan waya ya gifta, sun riga sun horar da ƙafafunsa. Sai ganin kansa ya yi tsaye a gefen gado, dugadugai haɗe, hannaye manne da wandon barci. Zafin ƙugun daga baya ya iso. A ɗakin mutum talatin shi kaɗai ne a tsaye.

Likitan ɗan ƙaramin mutum ne mai taushin murya, yana fama da mura. Ya share hanci, ya dubi Ewald da sha'awa.

"Madalla. Ashe da sauran maza a ɗakin nan."

"Ranka ya daɗe, akwai ƙarfe a ƙuguna."

"Ƙarfe ai a bakin daga aka fi bukatarsa." Ya juya wajen akawun da ke biye da shi. "Ka-fau. Jirgin Alhamis."

Da takun ya yi nisa, Nauke ya ce, "Tsohon banza, wa ya ce ka tashi?"

"Saje ne."

Nauke ya yi tsaki, ya juya ya fuskanci bango.

Ranar Alhamis aka kawo wa Ewald kaki da takalma. Ya zura ƙafa, amma ƙugun ya hana shi sunkuyawa. Nauke ya sauko ya durƙusa, ya kama bakin igiyar takalmin ɗaya da hannun hagu, ɗayan da haƙori. Ewald ya dafa ƙarfen gado yana jira.

"Kada ka matse sosai," ya ce. "Tafiyar da nisa."