Jirgin Rakiyar Wilf

Ranar da za a binne Sarauniya, Enid Garforth ta tashi da niyyar ba za ta kunna talabijin ba. Amma gari ya yi tsit, kantunan unguwa duk a rufe, shirun gidan kuma ya fi ƙarfinta. Sai ta haɗa shayi, ta zauna a kujerarta, ta kunna.

Mijinta Wilf ya rasu tun farkon annobar korona, a wani ɗakin asibiti da ba a bar ta ta shiga ba. Duk rayuwarsa a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Doncaster ya yi ta, da ya yi ritaya kuma bai rabu da jirgi ba. A ɗakin ƙarƙashin rufi ya gina wa kansa ƙaramar duniya a kan katako, da layin dogo mai faɗin yatsa, da tasha, da gada, da tumakin roba a kan tudu, da kawunan jirgi irin na zamanin kwal, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba. Wanda duk ya kira su kayan wasa, Wilf sai ya yini bai kula shi ba. Tun da ya rasu Enid ba ta taka tsanin ɗakin nan ba.

Ana cikin nuna sojojin ruwa suna jan akwatin gawa da igiya, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Da ta buɗe ta ga Cyril da Len, abokan Wilf na ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa. Cyril ne shugaba, dogo, ya sha baƙin kwat da baƙin lakataye. Len gajere ne mai tumbi, yana riƙe da kek da matarsa ta toya, yana kallon takalminsa.

Cyril ya ce, "Enid, mun ce bai kamata ki kalli wannan abu ke kaɗai ba."

Ta dube shi, ta dubi Len. Rabon da ta ga ƙafarsu a gidan nan tun Wilf na da rai.

Ta ce, "To, ku shigo. Ku goge ƙafa."

Ta ƙara ruwa a buta, ta yanka kek ɗin. Suka zauna suna kallo, suna kurɓar shayi. Cyril ya yi ta bayanin wace runduna ce wannan, wace ce waccan, alhali babu wanda ya tambaye shi. Can ya girgiza kai.

"Ubanta jirgin ƙasa ne ya kai shi Windsor. Ina yaro, amma na tuna hoton a jarida. Ita kuwa a mota za a kai ta, kamar kowa. Da Wilf na nan da ya yi baƙin ciki."

Len ya ce, "Da ya zagi talabijin ɗin nan har ta mutu."

Enid ba ta yi dariya ba. Ta lura tun da suka zauna idon Cyril yake komawa saman silin. Bai jima ba kuwa ya ajiye kofi, ya gyara murya.

"Af, Enid, ana ɗan leƙa sama kuwa? Dogo ba ya son zama, ƙura takan cinye shi. Da za mu ɗan duba miki."

Nan ta gane abin da ya kawo su. Ɗakin ƙungiya a rufe yake yau saboda makoki, kowa na hutu, ga jiragen Wilf a sama babu mai taɓawa.

Ta ce, "Kun san hanya."

Suka hau, ita ta zauna. A talabijin an shiga da akwatin cikin babbar coci, sarakunan duniya sun jeru, yara masu fararen riguna suna waƙa. Sai ta ji wani gurnani siriri daga sama, yana zagayawa, yana dawowa. Ta zabura har shayi ya zube mata a siket. Wannan ƙarar ita ta saba ji kowace yamma tun 'yarsu Hazel tana goye, ita Enid tana nan ƙasa tana wanke kwanuka, ko tana jiran mutum ya sauko abinci ya riga ya huce. Ta goge siket ɗin, ta kama tsani ta hau, gwiwarta na ciwo.

Ta same su a durƙushe bakin katako, sun cire kwat, sun jera kawunan jirgi biyu a gaban tasha. Dukansu koraye ne, siffar jirgi ɗaya, amma ko ita ta san bambancinsu. Ɗaya tsoho ne na ƙarfe, fentinsa ya koɗe a gefe, uban Wilf ne ya saya masa yana ɗan makaranta. Ɗayan sabo ne na roba, Hazel ta aiko masa daga Kanada a Kirsimetinsa na ƙarshe.

Cyril na cewa, "Dubi bututun nan, Len, kamar gashi. Leƙa ɗakin direba ka ga agogo, har da shebur ɗin kwal. Saurari yadda yake huci. Wannan naka kuwa, dubi ƙafafunsa, sai ka ce na amalanke."

Len ya ce, "Huci na ƙarya, na'ura ce a cikinsa take kwaikwayo. Ka yi atishawa kusa da shi ka gani in wani abu bai ɓalle ba. Ɗauki wannan ka ji nauyi. Ɗaura masa duk taragon da ke ɗakin nan, zai ja su ya hau gada."

"Yana ihu kamar injin niƙa."

"Kai ma haka kake, kuma muna haƙuri da kai."

Sai a lokacin suka gan ta. Cyril ya miƙe har kansa ya bugi katakon rufi.

"Yauwa Enid, zo ki raba mu. Wanne Wilf ya fi so?"

Ta ce, "Ban sani ba. Bai taɓa faɗa mini ba. Ku ya kamata in tambaya."

Len ya sunkuyar da kai. Daga ƙasa aka ji busar ƙaho a talabijin. Cyril ya dubi agogonsa, ya yi sauri ya kashe wutar dogo.

"Lokacin shirun girmama Sarauniya ya yi."

Suka tsaya su biyu, kai a sunkuye saboda rufi, hannu a gefe kamar sojoji. Enid tana bakin tsani tana kallonsu. Hawaye na zuba a kumatun Cyril, na gaske, yana bin tsagar fuskarsa har cikin kwalar riga. Len ma hancinsa ya yi ja. Ta bari aka gama shirun, don ita ma ba ta da wani ƙulli da tsohuwar da ake binnewa.

Cyril ya fyace hanci ya ce, "Ba za a sake irinta ba."

Enid ta ce, "Ka taɓa shan shayi da ita?"

"Me kika ce?"

"Na ce ka taɓa shan shayi da ita? Ta taɓa zuwa gidanka cikin ruwan sama ta gyara maka tukunyar ɗumama ɗaki? Wilf ya yi. Lokacin da aka yi wa matarka aiki, wa ya riƙa kai ka asibiti?"

"Haba Enid, yau ba ranar..."

"Yau ce ranar. Kujeru kaɗan aka jera mana a maƙabarta, an ware su nesa da juna, amma ko su ba su cika ba. Ni ce, da ƙanwata, da limami, da Hazel a waya tana kuka, muryarta na yankewa. Ma'aikatan da ban san sunansu ba su suka ɗauke shi. Na yi ta waiwaye ko zan ga ɗayanku."

Cyril ya ce, "An hana tsofaffi fita. Kin sani. Doka ce, ba mu muka yi ta ba."

"Motar gawa ta bi ta layinku, Cyril. Ni na roƙi direba ya bi ta nan. Mai kantin jarida ya fito bakin ƙofa ya cire hula, mutumin da Wilf bai taɓa ce masa komai ba sai ina kwana. Labulenka ko motsi bai yi ba."

Len ne ya yi magana, a hankali, da nufin ya kwantar mata da rai.

"Ba mu manta da shi ba, Enid. Da aka buɗe ɗakin ƙungiya mun yi masa rakiya. Mun ɗaura baƙin ƙyalle a kan jirgi, muka sa tarago guda, ya zagaya dogo a hankali, kowa na tsaye. Ɗakin ya cika. Cyril ya yi jawabi mai kyau."

Ta juya ta dube shi.

"Yaushe?"

"Bara, da bazara."

"Wa ya faɗa mini?"

Cyril ya ce wai sun ga kada su tayar mata da hankali, kuma dai ita ba ta taɓa sha'awar harkar ba. Enid ta zauna a kan kujerar Wilf mai juyawa. Ashe an yi wa mijinta jana'iza mai cike da mutane, da jawabi, a cikin garin nan, tana gida tana soya ƙwai ɗaya.

Ta ce, "Ku sake yi yanzu, in gani."

"Enid..."

"Ku yi, na ce."

Suka dubi juna. Abin da ya ƙara ƙona mata rai shi ne, ko a wannan hali sai da suka yi gardama ƙasa-ƙasa a kan wanne za a sa. Cyril ya yi nasara, aka ɗora sabon. Ya cire lakatayensa ya shimfiɗa a kan tarago. Jirgin ya yi huci, ya tashi da kyau, ya fita tasha, da ya kai inda ƙura ta kwanta sai ya tsaya cik, yana ta huci a wuri ɗaya. Cyril ya tura shi da yatsa, ya sake tsayawa. Len ya ɗauke shi ya ɗora tsohon. Wannan ya yi gurnani, ya fizga, ya bi ta kan ƙurar yana tartsatsi, ya hau gada, ya wuce tumaki, lakataye na jan ƙasa. Ɗakin ya ɗauki ƙaurin mai da zafin ƙarfe, ƙaurin da hannun Wilf ke yi idan ya sauko ya kwanta.

Ta zaci za ta yi kuka, amma bai zo ba. Abin da ta gani shi ne ƙananan mutanen da Wilf ya yi wa fenti ɗaya bayan ɗaya a kan dandamalin tasha, har da maɓallin rigarsu, har da wata mata mai jan hula tana riƙe da hannun mijinta. Mutumin da ya iya wannan haƙuri, bai taɓa lura da ranar da ta canza labulen falo ba. Ya yi mata alkawarin kai ta bakin teku a jirgi na gaske in ya yi ritaya, har ya mutu kullum gada ce ba a gama ba. Fushin da take yi da waɗannan biyun, ta gane rabinsa na Wilf ne, shi kuwa ba ya nan balle ta faɗa masa.

Ta ce, "Ya isa. Kashe."

Len ya kashe.

"Ku kwashe su. Duka, har katakon. Ina son ɗakina."

Len ya ce, "A'a Enid, ki yi tunani tukuna. Ki tambayi Hazel."

Cyril ma ya ce haka ne, kada ta yi gaggawa. Amma ta ga hannunsa, idonsa bai gama bushewa ba, hannun ya riga ya kai ga kwalin sabon jirgin yana share masa ƙura.

Suka sauko. A talabijin an fito da akwatin, mutane sun cika titi har iyakar gani, suna jefa furanni. Ta miƙa wa Len farantin matarsa da sauran kek ɗin, ta buɗe musu ƙofa.

Ranar Asabar suka zo da motar ɗaukar kaya. Ƙungiyar duka ta zo, tsofaffi da sanduna, wasu ma ba ta taɓa ganinsu ba. Suka kwance katakon gunduwa-gunduwa, suka naɗe kowane jirgi a tawul, suna saukowa da su a hankali, wannan na ce wa wancan ya kula da kusurwa. Babu ko tunkiya ɗaya da ta karye. Enid tana tsaye bakin ƙofar kicin, hannu a harɗe, ba ta ɗora buta ba.

Da za su tafi, wani mai farin gemu da ba ta sani ba ya cire hula ya ce Wilf mutumin kirki ne, shi ya koya masa haɗa waya. Ya tambaye ta inda aka binne shi, ya ce lallai za su je gaba ɗayansu. Ta kwatanta masa, ta bayan coci, layin da ke kusa da shinge. Ya maimaita don kada ya manta.

Kowace Lahadi Enid takan je kabarin Wilf ta zuba ruwa, ta cire ciyawa. Har sanyi ya shigo ganye ya zube, furen da ta ajiye kawai take tararwa.