Tazarar Yatsa Ɗaya

A ɗakin gwajinmu akwai wani kan roba cike da ruwa mai kauri, muna ce masa Mai Sanƙo. Aikinsa ke nan a manna masa waya a kunne, allurar awo ta nutse cikin ruwan, ta nuna mana yawan tururin lantarkin wayar da kan mutum zai sha. Akwai iyakar da aka gindaya. Duk wayar da ta haura ta ba ta shiga kasuwa, ko ta uban waye.

Ta ranar kuwa ta yayana ce. Shi ya yi odarsu, sito guda cike, sa hannuna kawai suke jira. Na gwada, ta haura. Na duba na'urar, na sake, ta kuma haurawa.

Yaya bai san wani abu wai shi "ba a shiga" ba. Ya turo ƙofa, ya tsaya a kaina, ya ƙura wa jan layin iyakar da ke allon kwamfuta ido.

"Auta, ja wayar baya kaɗan mana. Yatsa ɗaya. Mai sanƙon nan ne zai kai ƙararki?"

Abin haushin, ya san abin da yake faɗa. Da tazarar yatsa ɗaya za ta tsallake lafiya lau.

"Yaya, mutane ba a iska suke riƙe waya ba. A kunne suke manna ta."

"To kisa take yi?"

"Ban ce tana kisa ba. Na ce ta wuce iyaka."

"Ni kike gaya wa iyaka? Ni da na tsaya miki har kika sa farar rigar nan?"

Nan ya same ni, don gaskiya ne. Tun rasuwar Baba shi ne uba. Ina son sa, ina kuma jin tsoron sa, hannuna har ya kai kan maɗaurin wayar. Ban ja ba, ban kuma ɗauke hannun ba.

Da ya ga haka sai ya ɗauko babban makaminsa. Ya kira mahaifiyarmu, ya buɗe lasifika, ya dangwarar da wayarsa kusa da Mai Sanƙo.

"Mama, ki yi wa 'yarki magana. So take ta kashe min kasuwa."

"Kun fara, ko?" in ji Mama, muna jin ƙarar kwanuka a gefenta. "Auta, me ya haɗa ki da yayanki? Mutumin da ko jiya ya kawo min sabuwar waya daga cikin waɗanda ya yi oda! Ga ta nan na soke ta a ɗankwali, a kan kunne, ina wanke-wanke ina hira. Tun safe nake gaisawa da 'yan uwa, ban sauke ta ba."

Yaya ya dubi kan robar da wayar gwajin manne a kunne, ya dubi jan layin.

"Kana ji na?" in ji Mama. "Me kake so in ce mata?"

Ya sa hannu a hankali ya janye nawa daga kan maɗaurin.

"Ba komai, Mama," ya ce. "Fara cire wayar nan daga kunnenki tukuna."